Ɗan Fari a Layin Baƙi

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, babu wanda zai tsallake wannan. Baba ya cika ranar Talata da hantsi, lokacin da gulbin Kwara ya kawo ruwa ya tumbatsa, bayan wani zazzaɓi da duk muka raina. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika maƙil, tabarminmu suka kasa, aka shiga aron na masallaci. Masunta suka hauro daga bakin gulbi da ƙarnin kifi a jikinsu suna ta "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyya irin ta Dandawa. Masu gishiri na Bengu suka ɗaure jakunansu a gindin gamji. Har direbobin kamiyon, waɗanda Baba ya daɗe yana caccaka don sun rage masa ciniki, sai da suka ajiye motocinsu suka zo suka zauna.

Kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce Baba ya tsamo shi daga ruwa da gashin kansa. Wata mai albasa ta ce ya taɓa jiranta a tsallake har rana ta faɗi saboda ɗanta ya ɓata a kasuwar Malanbil. Ina jin su ta katanga, ina share hawaye. Amma kusan duk wanda ya gama maganarsa sai ya rufe da cewa, "Allah ya jiƙan Ɗan Ingila." Ba da mugunta suke faɗa ba, sunan da gari ya laƙaba masa ke nan, har yara ba su san yana da wani ba. Rashin muguntar ne ma ya fi ƙona mini rai.

A cikin gida kuwa idon mata yana kan Kaka, mahaifiyar Baba. Tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi, ko ɗigon hawaye babu. Mata suna zungurar juna suna yaba ta, wai tsohuwa akwai kara, ɗan fari ne, ai ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ina raba ruwan sha lokacin da na ji wannan, kaɗan ya rage in jefa wa mai maganar ƙwaryar.

Sunan nan da shirun nan su suka ci shekarun Baba na ƙarshe. Shi ya sa bayan sadakar arba'in na zauna in rubuta, ni ƴarsa ta fari, don kada jikokinsa su taso su ji ana Ɗan Ingila su zaci da gaske wani baƙo ne ya zo Gaya cin arziki.

Baba mai jirgin fito ne. Babban kwalekwalensa shi ke ɗaukar gishiri da albasa zuwa tsallake, ya dawo da goro da doya da duk wanda Allah ya kawo. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan, kuma shi ya sare fadamar shinkafar da muke ci har yau. Baba ba mutum ne mai sauƙi ba, kada addu'ar ta'aziyya ta ruɗe ku. Bakinsa ya fi barkono zafi. Idan wani babban mutum ya miƙe tsaye a jirgi don a ga rigarsa, sai ya ce masa, "Alhaji, zauna, ruwanga bai san ka je Makka ba." Ba ya barin a yi fito da baki a jirginsa, ba ya ɗaukar rago da mai shi a gefe ɗaya. Goronsa a ganye yake cikin hula, kuma duk wanda ya roƙa sai ya sha gori kafin a ɓara masa. Amma ban taɓa jin ya bar mutum a gaɓa don ba shi da abin biya ba.

Na gama lakwal, makarantar boko, ke nan na fara koyon ungozomanci a asibiti, sai umarni ya zo daga Yamai cewa duk wanda ba talakan Faransa ba ne dole ya riƙe takardar zama, ya sabunta ta kowace shekara, kuma a san yawansu. Mu a nan ƙasa uku ce ta haɗu. Tsallaken gulbi Dahome ce, ita ma ta Faransa. Ka gangara da ruwa kaɗan ka wuce Tunuga, ka shiga ƙasar Ingilishi, su Illo da Kamba. A wurinmu duk dangi ne, can muke aure, can suke aure. A wurin Nasara kuwa mutumin Illo baƙo ne.

Aka kafa tebur a ƙofar mai unguwa. Ga tafinta, ga gardi biyu, dogaran Nasara, ga malamin biro, wato ofishin gwamnati, mai rubutawa, wani siririn mutum daga can bakin teku a Dahome wanda ko gaisuwar Hausa ba ta zauna masa a baki ba. Tambaya ɗaya ce ke raba mutane: ina aka haife ka? Ba su tambayi wane ne ubanka ba, ba su tambayi inda kabarinsa yake ba.

To, kowa ya san mace ba ta haihuwar fari a gidan miji, gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu, ta yi wanka, sannan a dawo da ita. Kaka ƴar Illo ce. Da aka zo kan Baba, mai unguwa ya yi tari, ya sake tari, har ya taka masa ƙafa. Baba ya dube shi ya ce ko yana so a kira masa wanzami ne, sannan ya juya ya ce da ƙarfi, Illo. Ba ya ƙarya, kuma bai ga abin ɓoyewa ba, don kakanninsa na wajen uwa masassaƙan jirgi ne da ake ji da su. Aka sa ya dangwala yatsa. Ƙanensa, Baba Ƙarami, uwa ɗaya uba ɗaya, da yake a Gaya aka haife shi, ya wuce a matsayin ɗan gari.

Sai da aka gama zagaye unguwanni mutane suka lura da abin da ya faru. Baƙin Gaya kusan duk ƴan fari ne. Limamin unguwar masunta baƙo, babban ɗan sarkin fawa baƙo, ita ma tsohuwar da ta yanke wa rabin garin cibiya baƙuwa. Fataken Kano da na Ilori kuwa, waɗanda ke shigowa da atamfa su fita da fata, ko ɗaya bai shiga ba. Masu masaukinsu ne suka amsa musu, wannan ƙanena ne, a Doso aka haife shi, wancan ɗan ƙanwata ne daga Bengu. Su sun san me takarda take nufi, shi ya sa suka kauce mata.

Da farko dariya aka yi ta yi. Baba ma ya yi, yana cewa malamin da ya zo daga bakin teku jiya shi ne ɗan gida, shi kuma da ya koyi tafiya a wannan gaɓa shi ne baƙo. Dariyar ta tsaya ne da muka gane inda lissafin ke zuwa. Malamin biro da kansa ya bayyana mini, wata rana da na kai takardun asibiti a buga hatimi. Ƙarshen kowace shekara yana tara yawan masu takardar zama ya aika Doso, Doso ta haɗa da na sauran wurare ta aika Yamai. A can wani Bature da bai taɓa taka Gaya ba zai ajiye na bana kusa da na bara ya duba. Idan ya ragu, to biron Gaya barci take, sai wasiƙar faɗa ta zo. Idan ya ƙaru, to mutanen Ingilishi ne ke kwararowa. Kuma ƙaruwa yake yi, tun da kowace shekara akwai ƴan fari da ke isa biyan lanho, wato haraji, a shigar da su.

Wata shekara aka karanta lissafin a Yamai aka tsorata, aka ƙaro gardi a bakin gulbi don su tare kwararar. Babu jirgin da zai tashi sai an duba kowa, albasa tana ruɓewa a rana. Baba ya tsaya da gorar tuƙinsa yana kallonsu, ya ce da su idan rundunar Ingila suke nema to ga ta nan tsaye, shi da liman da tsohuwar ungozoma. Gardi suka yi dariya suka ce ya kawo takardarsa. Daga ranar sunan Ɗan Ingila ya bi shi.

Abin bai tsaya ga suna ba. Da aka zo rubuta gonaki aka ce baƙo ba ya riƙe ƙasa, sai fadamar ubansu ta koma sunan Baba Ƙarami. Allah ya saka masa, bai taɓa hana mu ko ƙwayar shinkafa ba, amma tun daga lokacin Baba bai ƙara cewa gonata ba, sai dai gonar yaron nan. Da mai unguwa ya rasu dattawa suka haɗu a kan Baba, kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce ba a naɗa baƙo. Baba bai yi maganar ba ko sau ɗaya, amma ya daina zuwa hira ƙofar masallaci har damina ta wuce.

Ranar sabunta takarda ita ce ranar da na fi tsana a shekara, shi kuwa ya mai da ita kamar suna. Tun da sassafe zai gangara Tunuga ya kwaso tsofaffin ƴan fari na ƙauyuka kyauta, ya sa Inna, mahaifiyata, ta dama fura cikin babbar ƙwarya. A layi shi ke tsara mutane, makafi da guragu gaba. Yana zolayar kowa, yana tambayar liman ko ya aika wa Sarauniyar Ingila gaisuwa. Idan aka kira shi ya cire hula ya dangwala yatsa, goron cikin hular a hannunsa na hagu. Ya dawo gida ya shiga ɗaki, ranar ba ya cin tuwo.

Sau ɗaya ƙofa ta buɗe. Aka kawo sabon kumandan, saurayi mai son jin al'adun mutane, dattawa suka kai masa kuka. Ya ce ya gane, kuma akwai gyara. Duk wanda ubansa ɗan ƙasa ne za a cire shi, muddin uban ko uwar suka zo suka shaida da bakinsu a gabansa. Masu uba da rai suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kakanmu namiji ya daɗe da rasuwa, saura Kaka.

Ni na raka ta. Tun a hanya nake koya mata, Kaka kalma ɗaya ce, ki ce i, shi ke nan. Ta ce in rufe mata baki, ta san abin da ya kawo ta. Ku da kuka san irin tsofaffinmu kun san abin da nake tsoro. Tunda ta haifi Baba ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana ɗakin ba. Idan za ta ambace shi sai ta ce mai jirgi, ko wancan. Ko yarinyar da ake kira da irin sunansa na mata sai ta sake mata wani.

Biro ta cika da maza, dattawa da gardi da masu jiran nasu. Baba yana tsaye a gefe ya sa babbar rigarsa ta sallah. Kumandan ya nuna shi, tafinta ya ce, "Iya, wanga mutum ɗanki ne? Ke kika haife shi?"

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa Baba baya ta fuskanci bango. Aka sake tambaya. Na matse mata hannu har na ji ƙashinta. Da aka yi ta uku sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ku tambayi mutane."

Gardi suka kwashe da dariya, wasu dattawa kuwa har da gyaɗa kai, abin ya burge su. Ba zan zalunci tafinta ba, ya yi bayani, ya ce wannan shirun shi ne shaida mafi ƙarfi a wurinmu, don mace ba ta jin kunyar ɗan wata. Kumandan ya ji daɗin bayanin ƙwarai. Ya yi tambayoyi, ko Zabarmawa ma haka suke, ko Fulani sun fi tsanani, yana rubutawa yana murmushi. Da ya gama sai ya ce abin sha'awa ne, amma doka magana take so daga baki, ba zai iya aika wa Yamai shiru ba. Ya ce a kira na gaba.

A hanyar gida na fashe. Na ce abin da bai kamata jika ta ce wa kakarta ba. Baba ya daka mini tsawa a tsakiyar titi, ya ce in na ƙara kalma ɗaya ba shi ba ni. Da muka isa ya ce mini, "Da ta faɗa gaban mazan nan, da ni na rasa inda zan sa fuskata. Uwata ba ta taɓa zubar da girmanta ba, ba kuma a kaina za ta fara ba." Ya faɗa yana nufin abin da ya faɗa. Amma babbar rigar nan, tunda ya cire ta ranar, bai ƙara sa ta ba.

Washegari ina wucewa ta bakin gulbi zan tafi asibiti, sai na ji an ƙwala kiran sunana, sunan yanka, daga cikin jirgi. Na waiwaya, Baba ne. Ni ma ƴar fari ce, tunda na taso bai taɓa kirana da komai ba sai ke. Masu dako suka tsaya da kaya a ka. Ya ce ba komai, in gaida gida. Daga ranar har ya koma ga Allah da sunana yake kirana, a kasuwa, a gaban surukai, a ko'ina. Mutane suka ce takarda ta taɓa masa kai. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Rigimar da ta fi kowace ita ce ta matar ƙanena. Ƴar Kamba ce, cikinta ya tsufa, iyayenta mata suka zo ɗaukar ta goyon ciki da jaki da kayan yaji. Baba ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin zaure ya zauna, ya ce babu inda za ta. Suka yi roƙo, suka yi faɗa, suka kira liman. Uwar yarinyar ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ba a san kunya ba irin namu, a ce ƴarta ta yi naƙudar fari a gidan suruki yana jin nishinta. Baba ya ce in kunyarsa ake ji shi zai koma jirgi da kwana, kuma ya koma, sauro ya cinye shi har aka yi suna. Ni na karɓi haihuwar a ɗakin Inna. Mutanen Kamba ba su zo suna ba, yau ma gaisuwarmu sama-sama ce. Yaron dai ɗan Gaya ne a takarda.

Ana gobe zai rasu ya kira ni, da sunan. Lokacin sabunta takarda ya matso. Ya ce, "In na tafi, ki je biro ki sa su goge ni. Na gaji da layi."

Bayan sadakar bakwai na je. Malamin nan na Dahome yana nan, ya yi furfura a garinmu, Hausa ta zauna masa. Ya zo ta'aziyya tun ranar farko, don Baba ya sha ƙetare da shi. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ɗauko takardar lissafin shekara ya shimfiɗa, da yake ina karanta Faransanci. Gida uku ne a jikinta: waɗanda suka shigo, waɗanda suka sabunta, waɗanda suka fita. Na bara a ƙara masu shigowa a cire masu fita, dole ya ba da na bana daidai, in ba haka ba a dawo da ita. Na ce to ina gidan waɗanda suka mutu? Ya ce babu. Wanda ya ja layukan bai yi tunanin baƙo zai zauna har ya mutu ba. Shi malamin ya taɓa rubuta mutuwar wani a gefe, aka dawo masa da takardar da jan alƙalami.

Na ce to ya bar sunan Baba yadda yake kawai. Ya ce idan bai sabunta ba kuma bai fita ba, zai zama mai gudun doka, gardi za su zo gidanmu nemansa. Hanya ɗaya ce, a sa shi cikin masu fita, kuma kowane mai fita sai an rubuta inda ya nufa. Ya tsoma alƙalami, ya dube ni. Ina kallo ya rubuta: ya koma ƙasarsa, Illo.

Haka lissafin zai je Doso ya je Yamai, wani ya duba ya ce madalla, baƙo ɗaya ya ragu a Gaya. Ana ta cewa Faransawa sun kusa tafiya, ni dai na san takardunsu ba za su bi su ba. Na biyo ta bayan maƙabarta na tsaya daga waje, inda ake hango tudun da aka sa shi kusa da ubansa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin bakinsa, ya karɓe shi ba tare da an tambaye shi inda aka haife shi ba.

Da na shiga gida Kaka ta kira ni ɗakinta. Ta tambaya ko na je wurin mutanen nan, me suka ce game da mai jirgi. Ban sassauta mata ba, na faɗa mata yadda aka rubuta, kalma da kalma. Ta ajiye mazarinta a cinya.

"Illo," in ji ta. "Mi ya sani a Illo? Ko zama bai iya ba na goyo shi na kawo shi gidan ubansa. Waɗanda suka gan shi can duk sun mutu." Ta ɗago ta dube ni. "Wa zai tarbi ɗana a can?"

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba, kuma babu kowa a ɗakin sai ni.